Ajuji Bai Gama Aikinsa Ba

Tun ina ƙarama ba a taka ni in ƙyale, kuma rabin faɗan da na yi a firamare a kan sunana na yi shi. Ajuji ake kirana, a gida da makaranta. Ina da sunan yanka mai kyau, wanda aka raɗa mini da rago da goro, amma sunan kakata ne ta wajen uba, don haka babu mai iya faɗinsa a gidanmu. Baba ba zai kira sunan mahaifiyarsa gatsal ba, Inna kuwa ko za a yanka ta ba za ta ambaci sunan surukarta ba. A wani gidan da sai a sakaya a ce mini Uwani ko Ummi, ni kuwa rabona juji ne. Ranar da aka kai ni makaranta a Samaru, malamin da ke rubuta yara ya tambayi Inna sunana, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Wata maƙwabciyarmu da ta kawo nata ɗan ta ce, "Ajuji ce." Haka aka rubuta, haka ya bi ni har aji bakwai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko Ajujin ma Inna ba ta faɗinsa. "Ke" take ce mini. In da baƙi a gidan sai in zama "waccan" ko "yarinyan nan". Ƙannena maza biyu kuwa tana kwaɗa musu kira da sunayensu har a ji a bakin titi. Na san ana alkunyar ɗan fari, amma na ga iyayen ƙawayena suna yi da murmushi, ita Inna da ɗaure fuska take yin tata. Na haɗa wannan da wancan na yanke hukunci ni kaɗai, ba tare da na tambayi kowa ba: matar nan ba ta so aka haife ni ba, shi ya sa ta sa mini sunan shara. Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma ba na shakkar hankalina ko kaɗan.

Wannan a tsakiyar shekarun saba'in ne. Baba akawu ne a ofishin masu binciken noma, muna zaune a gidan haya kusa da kasuwar Samaru. Aikin jami'a ya tara mutane daga ko'ina, saboda haka ajinmu ba irin wanda babu. Malaminmu mutumin Gana ne, dogo, mai farar riga kullum a goge, Hausarsa ba ta wuce ta sayen gyaɗa ba.

Wata Laraba hedimasta ya shigo da takardun jarrabawar shiga sakandare. Ya ce kowa ya buɗe kunne. Sunan da aka rubuta a takardar nan shi zai hau satifiket, shi zai bi mutum har ya tsufa. Wanda ke son gyara ya gyara yanzu, a tambayo iyaye, ranar Litinin a zo da suna da hoto. Ni dai ban ji sauran bayaninsa ba. Na ji an ce ana iya gyarawa, zuciyata ta hau rawa.

Da ya fita, malaminmu ya ajiye lissafin da muke yi ya ce tunda maganar suna ta taso, kowa ya tashi ya faɗi ma'anar nasa. Ya fara da ƙasarsu. Ya ce a can yaron da aka haifa ran Juma'a Kofi ne, yarinyar Asabar kuma Ama. Aji ya ɗauki hayaniya, muka ce ai Ɗanjuma da Asabe ke nan, namu suka sata. Wani Bayarabe ya ce shi Idowu, wanda ya biyo tagwaye, muka ce Gambo dai. Wata 'yar Ibo ta ce nata yana nufin Allah ne ya bayar, sai wata 'yar kudancin Zariya da ke kusa da ita ta ce to su biyu takwarori ne, don ita Kyauta ce. Ɗan fasto ya miƙe yana buga ƙirji ya ce Bitrus dutse ne, aka ce shi ya sa karatu ba ya shiga. Masu sunayen Larabci suka yi ta yanga, wannan kyakkyawa, waccan abar ƙauna, wancan amintacce. Daɗin darasin ya ɗauke ni har na manta layi yana matsowa inda nake.

Da aka zo kaina na miƙe na ce ban sani ba. Ƙarya nake, wa bai san juji ba? Wani yaro a bencin baya, mai baki kamar reza, ya fassara wa malam da Turanci, har da toshe hanci. Aji ya fashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce in zauna. Da aka fita tara na tare yaron a bayan aji na fasa masa leɓe, aka ba ni bulala shida na shanye ban yi kuka ba.

Bayan an tashi malam ya tsayar da ni. Ya ce a ƙasarsu akwai masu suna Sumina, ma'anarsa juji, daidai da nawa. Ya ce shi kansa sunan da uwarsa ta sa masa kafin na coci, ma'anarsa bawa. "Ba a sa wa ɗan da ba a so irin wannan suna," in ji shi. "Je ki tambaya a gida." Na ce to, amma a raina na ce lallashi ne kawai, ya ga na sha bulala.

Da la'asar Baba ya dawo, ya jingine kekensa, na kai masa ruwa na faɗa masa maganar takarda. Na ce ni sunan yanka nake so a rubuta. Ban ko gama ba ya ce madalla. Ya ce suna linzami ne, shi da ma bai taɓa son wannan laƙabi ba, camfin mata ne. Don ya ƙarfafa maganarsa ya ba mu labarin wani Bature a ofishinsu da ake kira Joj, wanda ya gaya masa ma'anar sunan manomi ne. "Ki duba," in ji Baba, "tun daga ƙasarsu linzami ya jawo shi har gonar gwajin dawa a Samaru. Da a nan aka haife shi Nomau za a ce masa." Muka yi dariya ni da ƙannena.

Inna tana gefe tana tankaɗe. Na ji rariyar ta tsaya. Baba ya ce, "Ko kina da magana?" Ta ce, "A'a. A rubuta abin da aka ga dama." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Daga ranar Inna ta canja. Tuwon yamma ya ƙone, abin da ban taɓa gani ba. Ta zuba wa kowa, ita ta ce ta ƙoshi. Washegari na yi tari sau ɗaya, na ƙwarewa da ruwa, sai ga hannunta a goshina. Ta hana ni zuwa rijiya, ta hana ni hawa mangwaron bayan gida, ta hana ni tsallaka titi sayo kalanzir. Ni kuwa na ɗauka sabon salon takura ne, don ta ga zan rabu da sunan da ta liƙa mini. Na ƙara ƙulla niyya.

Ran Asabar Baba ya ɗauke ni zuwa Sabon Gari ɗaukar hoton. Muka hau bas ta bi da mu ta Palladan. Shi yana da sayen kayan keke, sai ya ajiye ni a rumfar Iya ya ce zai dawo mu je wurin mai hoto. Iya Bayarabiya ce mai sayar da atamfa a kasuwa, tsohuwar ƙawar Inna tun suna haya gida ɗaya a Muchia kafin mu koma Samaru. Ta shekara ashirin a Zariya, Hausa ta zauna a bakinta, amma har ta bar duniya ba ta yarda akwai bambanci tsakanin ka da ki ba. Kowa "ka" ne a wurinta. Ta saya mini ƙosai, ta zaunar da ni a kan benci, ta tambayi hoton na mene ne. Na kwashe labari na ba ta, ina fankama. Na ce daga Litinin ba sauran mai ce mini Ajuji, wanda ya kuskura sai na cire masa haƙori.

Tana cikin yanka wa wata mata turmi biyu ne. Ta ajiye almakashin.

"Wa ya ce ka canja?"

Na ce ni na ce, Baba kuma ya yarda.

"Mamanka fa?"

Na ce ai ita ta sa mini, don ba ta sona.

Iya ta sallami mai sayen atamfa ba tare da ta tsaya ciniki ba, abin da ba halinta ba ne. Ta juyo ta kama kunnena, ba da wasa ba. "Kai yaro ne mara hankali. Ni na ɗauko ka a jujin nan da hannuna. Ka san ku nawa mamanka ya haifa?"

Na ce mu uku.

"Ku shida."

Ban taɓa ji ba. A gidanmu ba a taɓa ambatar su ba, ko da wasa. Iya ta ce kafin ni akwai maza biyu da mace ɗaya, duk a ɗakin nan na Muchia aka haife su, kuma babu wanda ya kai yaye. Ana fara murna ya fara zama ko rarrafe, sai zazzaɓi na kwana biyu, shi ke nan. Har mata suka fara ce wa Inna mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa tsayawa. Da aka samu cikina ko tsumma ba ta tanada ba, ta ce me za a wahalar da kai. Da na faɗo, tsohuwar ungozomar unguwa ta ce ga yadda ake yi. Da safe a kai jaririya kan juji a ajiye, uwar ta juya baya ta tafi kada ta waiwaya, a nuna ba wanda ya damu da ita. Sai wata wadda ba dangi ba ta zo wucewa ta tsinta. Abin da aka yar, in ji tsohuwar, mutuwa ba ta kula shi.

"Ni aka ce in wuce," in ji Iya. "To ka san abin da mamanka ya yi? Kwana ɗaya da haihuwa, ko tafiya ba ya iyawa, ya lallaɓa bayan gida da tsintsiya ya share wurin tas, ya shimfiɗa zanensa na aure. Tsohuwa ya zo ya gani ya hau faɗa, wa ya taɓa share juji? Ai mutuwa zai gane wayo ne! Mamanka ya ce a yi haka ko a fasa."

Ta ce an ajiye ni, Inna ta juya ta kama hanyar ƙofa. Na tsanyara kuka. Inna ba ta waiwaya ba, amma da Iya ta shigo da ni ta tarar ta cije leɓenta har jini ya ɓata mata haɓa. Duka zaman da na yi a jujin bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Ƙosan yana hannuna ya huce.

Iya ta sassauta murya. Ta ce ita ma ta binne biyu, shi ya sa babban ɗanta, wanda na sani yana tuƙa tasi, sunansa na gida Malomo, wato kada ka sake tafiya. Ta nuna mini rumfar da ke kallon tata, inda wani Ibo ke sayar da kwanuka. Ta ce wancan da ya dawo bayan yaƙin basasa, ɗan da ya fara haifa Ozoemena ya sa masa, kada ya sake faruwa, kuma yaron yana da ƙane Onwubiko, wato mutuwa don Allah ki yi haƙuri. Ta ƙwala masa kira da Turancin kasuwa ta tambaye shi ko ƙarya take, ya ɗaga hannu daga can ya ce gaskiya ne. "Ka gani?" in ji ta. "Mu Yarbawa yaron muke roƙo. Su Ibo mutuwan suke roƙo. Ku Hausawa ba ku roƙon kowa, wayo kuke mata. Ajuji, Ayashe, Bawa, Barmani. Duk abu ɗaya ne, uwa ne ya tsorata."

Da Baba ya dawo ya ga idona, ya dubi Iya, sannan ya ja ni wurin mai hoto. Mai hoto ya yi ta cewa in saki fuska, na kasa. Hoton yana nan a akwatina har yau, ido a kumbure kamar wadda zuma ta harba. A bas muna dawowa na tambayi Baba ko gaskiya ne. Ya ce rai da mutuwa na Allah ne, juji ba ya raya kowa, wannan ko a gaban wa zai faɗa. Sannan ya ce, "Amma da safen ranar ina tsaye a bayan katanga ina kallo, ban hana ba."

Ran Lahadi da hantsi Inna tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna na sa hannu, ba tare da an sa ni ba. Ta dube ni da mamaki, don ba a san ni da neman aiki ba. Muka yi ta tsinka. Ni ba na iya kewaye-kewaye, don haka na ce, "Inna, in an canja sunan nan me zai faru?"

"Ba abin da zai faru," ta ce da sauri. "Rai na Allah ne. Malamai sun faɗa, na sani, na yi istigfari ba adadi."

"To me ya hana ki cin abinci tun Laraba?"

Ta ce in rufe mata baki. Na ce Iya ta gaya mini komai, har da zanen aure. Hannunta ya tsaya a kan reshen. Na zaci za ta mare ni, ko ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi magana tana kallon tire, ba ta dube ni ba.

"Waɗancan na kira su da sunayensu. Har na farin, ko kunya ban ji ba, mata suna mini dariya. Safe da yamma ina kira, ina musu waƙa, kowa ya san ina so. Aka karɓe su ɗaya bayan ɗaya." Ta ja numfashi. "Da kika zo na ce wannan karon ba wanda zai ji a bakina."

Ta ɗauki wani reshe ta tsinke shi tas kafin ta ƙara. "Ban hana ki ba. Ke ake yi wa dariya, ba ni ba. Amma da za ki bar shi ki ƙara girma kaɗan. Gani nake bai gama aikinsa ba."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina tara wa matar nan laifi a raina, ina ƙirga duk "ke" da ta ce mini, ashe ita kullum a tsorace take kada a ji tana sona. Na so in rungume ta, amma na san in na yi sai ta ture ni ta ce mene ne haka. Sai na ja tiren gabana na ce ta bari zan ƙarasa.

Ran Litinin malam ya raba takardu. Ya zo kaina ya tsaya, don ya ji ina ta shelar zan canja. Na ɗauki biro na rubuta Ajuji da manyan baƙaƙe, na danna har ya fito ta bayan takardar. Ya ce, "Kin tambaya?" Na ce na tambaya. Ya gyaɗa kai ya wuce. Yaron bencin baya, leɓensa bai gama warkewa ba, ya leƙo ya ce ashe dai 'yar juji za a mutu. Ban ko ɗaga hannu ba. Na ce, "Ƙwarai, a juji aka tsince ni. Kai da aka haifa a kan gado, na nawa ka zo a jarrabawar da ta wuce?" Wannan karon shi aka yi wa dariya.

Da na koma gida na tarar da Inna a madafa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce na bar shi yadda yake. Ba ta juyo ba, ta ce, "To." Baba ya ɗan yi mita da yamma, ya ce mata dai ba a raba su da camfi, amma bai ce a koma a gyara ba. Ranar Inna ta ci malmala biyu ta tuwo, ta suɗe kwano, sannan ta aike ni rijiya.

Sunan ya hau satifiket kamar yadda hedimasta ya faɗa. Ya bi ni sakandare, ya bi ni kwalejin horon malamai, ya hau takardar albashi da fasfo. Na koyar shekaru masu yawa, kuma duk ajin da aka ba ni sai na ware rana guda kowa ya faɗi ma'anar sunansa. Ni nake farawa, don kada wani yaro ya ce bai sani ba alhali ya sani.

Inna ta rayu har ta goya jikokina. Wata rana, furfura ta riga ta fara fito mini, ina taje mata kai na tsokane ta. Na ce, "Inna, yanzu dai ai ya gama aikin ko?" Ta kai mini duka a gwiwa, ta waiga hagu da dama kamar wani na saurare, ta ce, "Ke! Da sauransa."

Har ta koma ga Allah ba ta kira ni da suna ba ko sau ɗaya, na yanka ko na juji. Ni kuwa tun daga ranar zogalen nan, duk inda nake a gidan, in na ji ta ce "ke", da gudu nake zuwa.